Daga Saba'in Zuwa Tamanin

"Sake nema, Auta," in ji Yaya, yana tsaye a kaina.

Kwana tara ke nan da Baba ya fita ya manta hanyar gida. Ni ce kuma mai kula da rumbun bayanan mutanen da ake kai wa asibiti ba a san danginsu ba. Sharaɗi uku na ba kwamfutar: namiji, shekara saba'in zuwa tamanin, ban da waɗanda suka rasu.

Babu kowa.

Na faɗaɗa, sittin zuwa casa'in. Shiru. Aikin da nake koya wa mutane, yau ya gagare ni.

"Cire layin ƙarshen nan," Yaya ya ce, bai yarda mun haɗa ido ba.

"Wallahi ba zan nemi Baba cikin gawarwaki ba."

"To sai yaushe?"

Na goge layin. Nan ma babu kowa. Ba ya cikin masu rai, ba ya cikin matattu. Don takaici na share layin shekarun ma.

Sai ga hotonsa, da rigar da na goge masa. Yana raye, a asibitin da ke bayan ofishinmu, tun ranar farko.

Gurbin shekarunsa fayau yake. An tambaye shi bai tuna ba, sharaɗina kuwa ba ya ganin wanda ba shi da lamba.

A gurbin suna, nas ta rubuta abin da yake ta maimaitawa: "Auta za ta zo."