Mai Majaujawa a Gaban Alƙali

Wannan da idona na gani, ina zaune dab da alƙali har ina shaƙar turarensa. Duk wanda ya ce ba a yi ba, turo mini shi!

Wani mutum ne a garinmu, sana'arsa korar tsuntsaye a fadamar shinkafa da majaujawa. Ya yi suna, har ana cewa in ya auna idon tsuntsu na hagu ba ya taɓa na dama. To, tsufa ya soma leƙowa, hannu ya fara rawa, shi kaɗai ya san abinsa. Ran nan ya wulwula, igiya ta kuɓuce masa tun lokaci bai yi ba, dutse ya bar tsuntsaye ya je ya sami wani dattijo mai yankan ciyawa a bayan kunne. Kwana biyu rai ya yi halinsa. Tun daga ranar mutumin naka bai ƙara haɗa ido da kowa ba, ko masallaci sai an tayar da salla yake raɓowa sahun baya.

Da aka je gaban shari'a, alƙali ya ce kisa ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya nufi tsuntsu ya sami mutum, kuskure ne: dangi su haɗu su biya diyya, shi ya yi azumin wata biyu a jere. Wanda kuwa ya nufi mutum da jifa cikin mugunta har ya mutu, ganganci ne, rai a bakin rai, sai fa in magada sun yafe. Shaidu duk suka ce kuskure ne. Alƙali ya tsoma alƙalami ke nan, sai wani taubashin mai majaujawar daga baya ya ce, "Ashe hannun ya mutu! A ba shi gwangwani ya riƙa kaɗa wa tsuntsaye." Aka kwashe da dariya. Kunya ta taso masa tun daga tafin ƙafa, ya ji gara ƙasa ta tsage. Ya zabura ya ce, "Ni? Shekara talatin dutsena bai taɓa zuwa inda ban aike shi ba!"

Alƙali ya ce, "Bawan Allah, ka san abin da ka faɗa? Sake tunani." Ga ƙofa an buɗe masa, amma ya dubi jama'a, ya kasa haɗiye maganarsa, ya maimaita. Aka rubuta ganganci.

Babban ɗan mamacin ne ya miƙe ya ce, "Allah gafarta malam, mun yafe jinin baba. Mun san ƙarya yake yi. Bara ma ya auna tsuntsu ya fasa mana tulu." Wuya ya tsira da ƙyar, amma wanda aka yafe wa ganganci ba ya tafiya haka nan: bulala ɗari da ɗaurin shekara. Ana tsula masa kansa a sunkuye, don maganar tulun nan ta fi dorina shiga jikinsa. Shi kuwa alƙali, don takaici, sai da rawaninsa ya warware ya faɗi ƙasa, ni na tsince masa.

To, tsakani da Allah, zancen rawanin nan ni na ƙara, don miya ta ji gishiri. Saura kuwa haka aka yi. Ai dama Hausawa sun faɗa: baki shi ke yanka wuya.