Manhajar da Ba Ta Jin Warin Albasa

Tanimu, tun da ka zauna kake zagin manhajar da ka sayo wa kamfaninka, wai ƙarya take shirga maka. Ni kuwa raina ɓaci yake idan na ji irin wannan magana, don na san inda take ƙarewa. Bari in ba ka misali, in ya so ka ci gaba da zaginka.

An yi wani ɗan kasuwa mai ajiye albasa. Yakan saya a hannun manoma lokacin da ta yi araha, ya zuba a rumbuna, sai ta yi wuya ya fitar. Rumbunansa a ƙauyuka biyar suke, kowane ƙauye da mai tsaronsa. Da harka ta bunƙasa sai ta fara fin ƙarfin kansa: ya taɓa sayar da rumbu ɗaya ga mutum biyu, ya taɓa tura tirela ƙauyen da aka riga aka kwashe. Sai ya sayi manhajar tafiyar da kamfani, irin wadda ke haɗa sito da motoci da ma'aikata wuri guda, aka koya wa masu tsaron rumbu su riƙa shigar da bayani ta waya. A faɗi gaskiya, abin ya yi amfani. Yana zaune a ofis yana ganin wace albasa ce ta riga shiga, wace mota ce ke hanya, wane rumbu ya kamata a fara buɗewa. Ƙauyen da ba matsala kore yake fitowa a allon kwamfuta, wanda aka yi asara kuwa ja.

To, ita albasa ba dutse ba ce. Duk mako sai an shiga an juya ta, an tsince wadda ta fara ruɓa, in ba haka ba ɗaya ta shafa wa goma. Duk wanda ya taɓa ajiye ta ya san wannan, shi ya sa ma aka yi wa manhajar gurbin rubuta abin da aka tsince. A cikin masu tsaron akwai wani dattijo, shekara ashirin yana wannan aiki. Makon farko ya shiga ya tsince, ya zubar da abin da ya kai buhu bakwai, ya shigar kamar yadda aka koya masa. Ƙauyensa ya koma ja. Maigida na gani ya tara ma'aikata kaf, ya juya musu allon, ya tsayar da mai furfura a gaban sa'annin 'ya'yansa ya wanke shi soso da sabulu, wai sakaci ne, in ma ba dogon hannu ba. Ya ce shi ba ya son ya ƙara ganin ja a allonsa. Dattijon ya ce, "Alhaji, ni abin da idona ya gani shi na rubuta."

Ka ga wauta ko? Mutum ya kashe dukiya ya sayi abin da zai riƙa gaya masa gaskiya, ranar farko da gaskiyar ta iso ya ci mutuncin wanda ya kawo ta. Sauran masu tsaron huɗu ba wawaye ba ne, kuma kowa da iyalinsa. Suka koma suka riƙa rubuta "babu" a gurbin ruɓa. Da yake in ka tsince dole rumbu ya ragu a gane, sai suka daina tsintar gaba ɗaya, suka ja ƙofa suka bar albasa da halinta. Wata uku allo kore shar, ban da jan dattijon nan da ya ƙi daina tsinta da rubutawa, har aka sa masa ranar sallama. Shi kuwa maigida har baƙi yake kira ofis su zo su ga kore.

Ana haka wani babban mai saye daga kudu ya zo, mutumin da maigida ya yi shekaru yana neman cinikinsa. Maigida ya dubi allo, ya yi alkawarin tirela shida, bai taka ko rumbu ɗaya da ƙafarsa ba. Ranar lodi motoci suka jeru, 'yan dako suka tuɓe riguna, baƙo na tsaye. Ana buɗe ƙofar rumbun farko wari ya kora kowa baya, baƙin ruwa na tsiyaya daga ƙasa, ƙuda kamar an yi yanka. Aka zaga ƙauyuka huɗu, duk kanwar ja ce. Albasar kirki da aka samu a ƙauyen dattijon take, busasshiya tsaf, amma tirela ɗaya kawai ta cika. Baƙon ya ɗauke ta ya tafi, bai sake ɗaga wayar maigida ba, labari kuwa ya riga motarsa isa kasuwa.

Abin da ya fi ba ni haushi, maigida bai nemi dattijon nan ya ba shi haƙuri ba. Waya ya ɗauka ya kira waɗanda suka sayar masa da manhajar yana zazzaga musu masifa, wai kayansu jabu ne. Ita manhaja hanci gare ta? Abin da aka zuba mata shi take juye maka, shi kuma da bakinsa ya koya wa mutanensa abin da za su zuba.

Saboda haka, Tanimu, kafin ka kira masu manhajarka, ka tuna irin fuskar da ka yi ranar da mai kula da sitonka ya fara kawo maka labari mara daɗi, ka kuma tambayi kanka ko ya sake kawo maka wani tun daga ranar. Hausawa suka ce, ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.