Sai Mai Ita Ya Fito

Tsohon ya ɗago ido daga madubin duba ƙwayoyin halitta, ya dafa kafaɗar 'yarsa.

"Yi haƙuri, uwata. Shekara bakwai kina fama, ga shi rabin farantin gwajin naki duhu ne."

Ta yi dariya. "Baba, ai duhun nake nema."

Ta ce ta ƙera wani sinadari, enzayim, wanda ba ya kwance ƙullin magani sai a cikin ƙwayoyin cutar daji. Su ne masu koren hasken nan. Masu duhun lafiyayyu ne, ko ɗigo bai taɓa su ba. Ba irin maganin da ya ƙone mahaifiyarta ciki da waje ba.

Ya sake leƙawa, ya daɗe. Shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu a kan keke, bai taɓa barin wasiƙar wani a hannun maƙwabci ba, sai mai ita ya fito.

Ya gyara zaman hularsa.

"Kullum ina ce wa mutane ban gane aikinki ba. Ashe sana'ata kika ɗauke ba ki faɗa mini ba."