Sunan Ɗan Fari

A shekarar da aka kafa doka cewa duk mamacin da iyayensa ba su kira sunansa a gaban na'ura ba za a goge hotunansa da muryarsa daga intanet, Tasalla ta je ofishin ajiyar bayanai saboda ɗanta da ya rasu da damina. Ita kaɗai ta rage masa.

"Inna, faɗi sunansa kawai," in ji ma'aikaciyar.

"Yaron nan nawa ne."

"Na'ura ba ta san yaron nan ba. Kuma yau wa'adi ya cika."

Tasalla ta ja mayafi ta rufe baki. Tun da aka raɗa masa suna ba ta taɓa furta shi ba, domin ɗan fari ne. Mutanen yanzu ba su san kunya ba, balle su yi mata uzuri.

"'Yata, ki faɗa a madadina mana."

"Muryar uwa take so, Inna."

Tasalla ta sauke mayafin daga bakinta. Can ta ce a hankali, "Zubairu."

Fuskarsa ta bayyana a allo.

"Na'am, Inna," in ji na'urar da muryarsa.

Tasalla ta kai hannu ta shafa allon. Da ransa bai taɓa amsa mata wannan kiran ba.