Kumatun Ladan a Talabijin

"Inna, wallahi lafiyata ƙalau!"

"Rufe min baki! Shekaranjiya na ga kumatunka luhu-luhu, yau ka dawo Azare kamar sillen kara. Asibiti za mu, na kira mai napep."

Ladan ya dubi talabijin ɗin da ƙanensa ya jona da kwamfuta, inda Inna ke kallon hotunan da yake turowa daga Kano. Ga shi nan an baje shi kamar randa. Ya ɗauki rimot ya gyara faɗin hoton. Nan take kumatun suka zube.

Inna ta yi salati. Ta fizge rimot ɗin, ta saita ƙirjin Ladan, ta danna. Ta sake dannawa. Ta bubbuga shi a tafin hannunta.

"Ko batirin ne ya mutu?"