Tokar Gidan Inna Echata

Rariyar Inna Echata ta ɓata a mako na huɗu da zuwan baƙinta. Ta duba bayan murhu, ta duba ƙarƙashin gado, ta zargi jikokinta biyu, daga ƙarshe ta aro ta maƙwabta.

Hutun wata ɗaya suka zo daga Marseille ta ƙasar Faransa: 'yarta Zalihata, da mijin 'yar, Shanfi, da yaran. Shekara tara ke nan Inna na kwana ita kaɗai a gida mai ɗaki biyar a gindin Karthala, dutse mai aman wuta, tana hira da awaki. Tun ranar da suka sauka take ƙirga kwanakin da suka rage, kuma ba ta ɓoye ba, tsoron ranar tafiyar take yi.

Shanfi kuwa tun a mota ya fara ƙorafi. Sauro, zafi, wutar lantarki mai zuwa ta gaisa ta koma. A gidan marayu ya tashi can Faransa, bai san wata tsiya game da tsibirin iyayensa ba sai suna. Abu ɗaya ya yarda yana da kyau, kifin da ake gasawa da ɓawon kwakwa. Kullum shi ke hura wutar, shi ke share murhun, wai kada Inna ta sunkuya.

Saura kwana biyu su tashi, ya dawo daga sallar asuba yana tsaki.

"Shi ke nan! Dutsen nan naku ya yi tari."

Toka ce a kan rufi, a cikin indararo, a kan murfin tankin ruwa. Duk wanda ya zauna a tsibirin Ngazidja ya san abin da hakan ke nufi. Babu kogi, ruwan sama ake tarawa, in toka ta shiga tanki sai a kwashe, a wanke, a zauna jiran hadari. Zalihata ta ce ba za ta bar uwarta babu ruwan sha ba. Aka ɗaga tafiya da mako biyu. Shanfi ya tsaya tsakar gida yana ba maigidansa na wurin aiki haƙuri a waya, da ƙarfi, don kowa ya ji irin asarar da yake yi.

Inna ta dubi dutsen. Hayaƙinsa na nan siriri kamar kullum. Ta yi masa godiya a zuci, ta ƙara kwakwa a miyar ganyen rogo. Kwanon Shanfi ta rufe ta ajiye gefe, yadda ta saba. Ya ci yana cewa gishiri ya yi yawa, ya nemi ƙari sau biyu.

Mako biyu suka cika, aka ɗaure akwatuna, toka ta sake sauka. Aka sake ɗagawa. A karo na uku makaranta ta riga ta buɗe a Marseille, yaran sun koyi hawa bishiyar kwakwa, sun manta inda suka jefa takalmansu.

Sitina maƙwabciya ce ta ɓata lamarin. Ta leƙo ta katanga tana dariya.

"Echata, ke dai dutsen nan yana ji da ke. Duk garin nan rufinki kaɗai ya sani. Ko dai tsohon saurayi ne?"

Zalihata ba ta yi dariya ba. Ta hau tsani, ta lakato tokar, ta shinshina, ta sauko a hankali.

"Inna, tun yaushe Karthala ya fara gasa kifi?"

"Me kike nufi?"

"Ina rariyarki?"

"Ta ɓata, kin sani."

"Ta ɓata! Haba Inna. Karatun yara, aikin bawan Allahn nan, duk kin sa a wasa? Ai da kin ce mu zauna, da bakinki."

Inna ta rantse. Ta nuna gwiwoyinta, waɗanda rabonsu da tsani tun kafin a haifi jikokin. Ba wanda ya saurare ta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don kuwa da dabarar ta zo mata, da ta yi. Shanfi ya sunkuyar da kai ya ce a bar maganar, tsufa ne.

"Juma'a za mu tafi," in ji Zalihata, "ko da wuta dutsen ya yi amai."

Ranar Alhamis da hantsi duk suka sauka birnin Moroni sayen tsaraba. Gidan ya yi shiru, irin shirun da Inna ta sani sarai. Ta ɗan zauna a ciki, ta ji ba za ta iya ba, ta tashi neman aiki. Ta ƙulla kanumfari da busasshen kifi a tsumma. Zalihata ba ta yi mata magana, don haka ta nufi akwatin surukin nata, wanda ko ba komai bai ɗaga mata murya ba.

Ta ɗaga riguna don ta cusa ƙullin a ƙasa. Rariyarta na nan kwance, an naɗe ta da kyau cikin rigarsa ta masallaci, idanun rariyar cike da toka. Inna ta daɗe tana kallonta. Sannan ta mayar da ita yadda ta same ta, ta rufe akwatin, ta fita ta hura murhu biyu, don kada toka ta yi ƙaranci a daren nan.