Tsamiya a Gabas da Ɗakin

Wata la'asar, ina ɗan shekara takwas, na gina gari da laka a bakin tafki a Warra. Na ce garin mutanen ƙarƙashin ruwa ne, masu hawan giwan ruwa kamar doki.

Kakata ta bar kifin da take bandawa, ta zo ta tsuguna, zanenta yana ƙanshin hayaƙi.

"Maigida, wa ke cikin ɗakin ga?"

"Ba kowa, Kaka. Don ado ne kawai."

"A'a, ba a gina ɗaki babu mai shi. Sa tsohuwa mai faɗa, wadda ke ɓoye ma yara ƙuli-ƙuli a bakin zane."

Ta karyo ɗan reshe ta kafa gabas da ɗakin. "Nan tsamiya take."

Na ɓata rai. "Garina ne fa, ni na ƙirƙiro shi!"

Ta dubi tafkin, ta daɗe. "Naka ne," in ji ta, amma ba ta cire reshen ba.

Sai da na girma na san ƙauyen su Kaka yana ƙarƙashin ruwan nan tun da aka gina dam, tsohuwar kuwa innarta ce.

Yanzu labaran garuruwan da babu su nake rubutawa. Kowanne na tsara, tsamiya tana gabas, tsohuwar kuma tana gida.